Littafin Girkin Balki

Yelwa, ƙasar Yawuri.

Zuwa ga ɗana Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, wadda faɗa ba ya hana ta fita. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Birnin Kebbi lafiya, kai da Balki. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sanya albarka a sabon wurin aikin da aka kai ka. Ka gaishe mini da Gwaggonka Asabe da mutanen gidanta, ka ce na gode da ta yarda ta sauke ku kafin ka sami ɗaki.

Na cusa takardar nan cikin jakar Balki, tsakanin littafin da ka kira shirme da 'yar tukunyar da ka ce ba za ta shiga mota ba. To, ta shiga. Na naɗe ta cikin tsohon zanena don kada ta fashe. Jiya mun ɗaga wa juna murya, ka ce na sangarta yarinya, ni ma na faɗa maka abin da na faɗa. Ka san bakina bai iya lallashi ba, tsawar aji ta lalata shi tun ina malamar firamare. Hannuna ya fi bakina hankali, shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar guda ɗaya ce, Bello: ɗiyarka ba ta cin abinci. Tun da Allah Ya karɓi uwarta Kulu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, yarinyar nan ta rufe baki. Kai kana ta zirga-zirga tsakanin nan da Sakkwato kan maganar canjin aiki tun da aka ba mu jiha, ni ce nake zaune ina kallo. Awarwaron da Kulu ta sa mata, wanda a da sai da sabulu yake fita, yanzu da kansa yake zamewa in ta saki hannu. A asibiti sun duba sun ce ba su ga ciwo ba. Wallahi da sun ce ga ciwo da hankalina ya fi kwanciya, don ciwo yana da magani. Yarinya 'yar shekara shida, ba zazzaɓi ba gudawa, amma kullum sai ƙara ramewa take, wannan shi ke hana ni sukuni.

Ban hana ka tafiya da ita ba. Ɗiyarka ce, can asibitin ya fi girma, ni kuma ƙafafuna sun fara ƙin umarnina. Amma zan gaya maka inda na yi kuskure a kanku, don kada ka ɗauko kuskurena ka kai shi sabon gari.

Na farko a kanka na yi shi. Kana ɗan shekara uku ka yi baƙon dauro, ka tashi ka ƙi komai. Kakarka ta wajen uba ta ce a yi maka ɗura. Na san an hana a asibiti, ni da kaina na taɓa gaya wa iyayen yara su daina, amma da abin ya zo kaina tsoro ya fi karatu ƙarfi. Na danne ka a cinyata, na tara kunu a tafin hannu a bakinka, na toshe maka hanci, in ka buɗe baki neman numfashi kunu ya wuce. Wata rana ka shiɗe. Idanunka suka juye, jikinka ya saki, na ƙwala ihun da ya sa mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya yar da buta ya shigo da gudu. Ya jijjiga ka, ya bubbuga bayanka, sai ga numfashi ya dawo. Kuma ka san abin haushi? Ban daina ba. Washegari na sake, sai dai na rage yawan kunun.

Ka yi ƙiba, ba zan yi ƙarya ba. Amma daga lokacin, da ka hango ni da kwano sai ka ruga bayan randa. Har yau ba ka shan kunu, ko da azumi, mutane suna cewa tsirfa ce ta ɗan boko. Ba tsirfa ba ce, ni ce.

Na kawo wannan ne saboda Gwaggonka. Mutuniyar kirki ce, amma hannunta ya ƙware a ɗura, rabin yaran unguwarsu sun bi ta cinyarta. Da ta zo gaisuwar Kulu ta dubi Balki ta ce mini, "Ku ba ni ita mako guda, in ba ta yi kumatu ba ku canza mini suna." Na yi shiru saboda zaman makoki. Kai kada ka yi shiru. Ka gaya mata tun ranar farko, cikin ladabi, cewa ba a danne Balki, ba a nuna mata bulala a kan kwano. In ta ji haushi ka ce Innarka ce ta ce, ta tara fushinta ta kawo mini, ba yau muka fara ba.

Kuskure na biyu shi ne na littafi, kuma shi ya sa na fi kowa sanin abin da nake faɗa a kan wanda ke cikin jakar nan. Da ina makarantar horar da malamai, wata Baturiya da ke koya mana girki ta ba ni kyautar wani littafi. Littafin girki ne na yaran ƙasarsu, an ciro shi daga tatsuniyoyinsu. Kowane shafi ga zomo ko ɓera sanye da riga yana kwaɓa fulawa, a gefe an rubuta abin da ya dafa da yadda yaro zai dafa irinsa. Kai, na so littafin nan! Da shi na dawo Yawuri ina jin na fi kowa. Na shiga aji na tsaya gaban 'ya'yan masunta, yaran da aka taso iyayensu daga tsohon gari da ruwan dam ya ci, ina karanta musu bota da madara da murhun gashi na Turawa, abubuwan da ko ni ban mallaka ba. Suna kwafa a allo suna hamma. Wata yarinya mai ƙarfin hali ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ku a gidanku shi kuke ci?" Na sa ta durƙusa har aka tashi.

A gida kuma abin ya fi muni. Innata ta saya wa yayarka A'isha 'yar tukunya, kamar yadda ake yi wa kowace yarinya a nan. A ba ta ɗan dunƙulen shinkafa da wutsiyar kifi, ta kafa duwatsunta uku kusa da na manya, ta dafa, ta ƙona, ta ci abinta. Haka aka koya mini, haka aka koya wa Innata. Ni kuwa na dawo daga makaranta na tarar da A'isha duk toka, hanci na zuba saboda hayaƙi. Na ce ƙazanta ce da ɓarnar abinci. Na kifar da tukunyar da ƙafa, ta fashe. Innata ta dube ni ta ce, "Ke da aka yi wa, kin mutu?" Na ɗauko littafin Baturiya na ce ga yadda yara masu wayewa suke koyon girki. Amma fa a kulle yake cikin akwati, sai ran Juma'a nake fito da shi, sai kun wanke hannu, ni ke buɗe shafi, ku naku ido. Ka tuna? Kana nuna hoton kek kana cewa, "Inna, yaushe?" Ina cewa wata rana. Sau ɗaya na gwada, a gwangwanin madara cikin tukunya da yashi, ya fito baƙi a ƙasa ɗanye a ciki, na zubar wa kaji kafin ku gani.

A'isha ta tafi gidan miji a Shanga ba ta iya tuƙa tuwo ba. Uwar mijinta ce ta koya mata, da gori da habaici, ta sha kuka a bayan ɗaki. Har yau in ta zo gida ba ta shiga madafi in ina ciki. Littafin kuwa gara ta cinye shi a cikin akwatin, ba ɗayanku da ya taɓa dafa komai daga cikinsa.

Saboda haka ka ji yadda na Balki ya samu, don ba zama na yi na ƙirƙiro shirme ba. Bayan sadakar arba'in, wata hantsi na fito na same ta bayan rumbu tana tuwon ƙasa. Ta jera murafun kwalba, tana zuba wa kowa. Na ji tana cewa, "Wannan na Baba, wannan na Inna, wannan na Umma." Sai na lura ba ta zuba wa kanta ba. Na ja kujera na zauna, ban san abin da zan ce ba, bakina ya kama tatsuniya da rana tsaka. Na ƙaga ta nan take: wata dorina ce ta fito daga ruwa ta cinye shinkafar wata tsohuwa a fadama, sarkin ruwa ya yanke mata hukunci sai ta dafa wa tsohuwar abinci da hannunta, ga ta da ƙaton hannu ga ƙaramar tukunya. Balki ba ta dube ni ba, amma hannunta ya tsaya. Da na kai ƙarshe ta ce, "Inna, mi ta dafa?" Rabon da ta tambaye ni wani abu tun ranar jana'iza. Na ce dafa-duka, da busasshen kifi. Ta ce, "Yaya ta yi?" Na ce tashi in nuna miki.

Na aika kasuwa aka sayo tukunyar nan. Ta wanke shinkafa da kanta, rabi ya bi ruwa. Ta ɓare kifi, ta zuba gishirin da ya ishi gidan biki. Na cije baki ban ce uffan ba, ka san kuwa yadda wannan ya yi mini wuya. Da ya nuna ta zuba mini, ta zuba na Umma a murfi ta ajiye gefe, sannan ta tsaya tana kallon abin da ya rage a gindin tukunya. Na juya mata baya ina ta hura wutar da ba ta mutu ba. Sai na ji ƙarar cokali. 'Yan lomomi ne, Bello, ba su taka kara sun karya ba, amma da hannunta ta kai su bakinta. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Daga nan kullum sai ta ce a yi wata. Na ga kaina ba zai riƙe ba, kuma na san ranar tafiya na zuwa, shi ne na samo littafin rubutu na ɗinke masa bango da ƙyalle. Kowace tatsuniya da girkinta a ƙarshe. Akwai kunkurun da ya je kasuwar Yelwa sayen wake ya iso bayan an watse, shi ne mai faten wake. Akwai kwaɗon da ya yi baƙi ba shi da komai sai zogale da ƙuli-ƙuli. Akwai tarwaɗar da ta ƙi zuwa makaranta, wannan Balki ce ta ƙaga rabinta, kada ka gyara mata. Ban sa awon kofi ko cokali ba. Na rubuta cikin tafin hannunki biyu, murfin kwalba ɗaya na mai, gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka. Hannunta ne ma'aunin, in ka auna da naka ƙaton hannun za ka ɓata. Zanen dabbobin nata ne. Dorinar ta fi kama da akuya, ka yaba kawai.

Ga abin da nake roƙonka. Kada ka adana littafin nan. Ka bar shi ya sha mai da toka, ya yage a liƙe. Kai za ka karanta mata, ba wani ba, da murya, har da kukan dorina, ko ka ji kunya. Gwaggo za ta ce ba a tatsuniya da rana, mai yi yana ɓacewa. Ka ce mata na yi wata da watanni ina yi kuma ga ni a ɗakina. Ka zauna kusa saboda wuta, ka ɗaure mata zane ta baya, wuƙa kuwa a hannunka take, ita ta tsinka ganye da yatsu. Ka tsince ƙayar kifi tun kafin a zuba. In ta ba ka ka cinye, ko ya ƙone ko gishiri ya yi yawa, kada ka yatsine fuska. In ta zo ci ka kau da kai. Da ka ce "yawwa, ƙara" za ta ajiye cokali, na gwada na gani. Rabon da take cire wa uwarta kuma kada a tsawata mata, kada a ce mata matattu ba sa ci, ta sani. Ni nakan ce ta kai wa makauniyar da ke maƙwabtaka da mu sadaka, ladan ya isa ga Umma. Ka nema mata wani mabuƙaci a can.

Kada ka ɗauka ta warke. Ran da ta ci, ta ci kaɗan. Akwai ranakun da za ta dafa ta raba wa kowa ta kife tukunya. Abin da nake da shi ke nan, ba ni da wani.

Kuskure na uku ya fi mini nauyi, na so in bar shi, amma in na bar shi sauran ba su da amfani. In ka buɗe ƙarshen littafin za ka ga shafin da ba komai sai kan magana: Miyar Umma. Balki ce ta sa na rubuta. Kusan kullum sai ta ce, "Inna, yau a yi ta Umma." Miyar suren nan mai tsami, yakuwa in ji wasu, da Kulu ke yi da bandararren kifi kurungu, irin ta mutanensu na gungu, tsibirin nan na wajen Ngaski. Ban iya ta ba, Bello. Ban ma san ɗanɗanonta ba.

Makon da aka kawo Kulu gidan nan ta dafa ta, ta zubo a kwanonta mafi kyau, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Na buɗe, na sunsuna, na rufe. Na ce, "Mu nan ba mu saba da ƙarni ba." Na ba yara suka kai maƙwabta, tana durƙushe tana gani. Ni da aka haifa a bakin ruwa, ni da kifi ya biya mini kuɗin makaranta! Girman kai ne kawai, ina ganin ɗana mai ilimi ya ɗauko 'yar masunta. Ba ta kai maka ƙara ba, na sani, don da ka yi mini magana. Ta ci gaba da dafa muku a sashenku. Sau ɗaya, tana da cikin Balki, ta leƙo da ludayi ta ce, "Inna, ki taɓa ko a bakin harshe, ki ji ko gishiri ya ji." Na ce azumi nake. Ba azumin da nake yi. Daga baya na so ta, Allah Ya sani, ita ta yi jinyata da ƙafata ta kumbura, amma kunya ta hana ni cewa ta zubo mini. Ina cewa akwai lokaci.

Na aika gungu wajen ƙanwar uwarta, tunda uwar ta daɗe da rasuwa. Tsohuwar ta aiko cewa sure ne da kifi da daddawa, kamar na kowa. Na dafa kamar na kowa. Balki ta sunsuna ta ture ta ce, "Ba ita ba ce." Na canza, na sa gyaɗa, na sa ruwan toka maimakon kanwa, na sake. Ba ita ba ce. Ranar ƙarshe da na gwada ta dube ni ta ce, "Inna, ke ba ki taɓa ci ba?"

Mutum biyu suka rage a duniya da harshensu ya san miyar nan, kai da Balki. Ka ci ta shekara da shekaru. Ban ce ka iya girki ba, ko ruwan zafi ban bari ka dafa ba, wannan ma laifina ne. Amma in aka sa maka a baki za ka san ko tsami ya yi yawa, ko kifin daka shi take yi ko ɓarewa, ko akwai wani ƙamshi da ya ɓace. Ka nemi sure a kasuwa, na sa muku kurungu a ƙunshi a ƙasan jaka. Ka tsuguna da ita gaban 'yar tukunyar, ku dafa, ku ɗanɗana, ku zubar, ku sake. Matan gidan Gwaggo za su leƙo suna dariya, ma'aikacin gwamnati da hura wuta. Su yi ta yi. Na san kuma abin da ya fi dariyar zafi: tun rasuwar ba ka ambaci sunan Kulu ba, ka kwashe kwanoninta ka kai ɗakin ajiya, in Balki ta ce Umma sai ka tashi ka fita. Yarinyar tana gani. Ina jin ta ɗauka an hana tuna uwarta ne, shi ya sa take tuna ta da yunwa. Wataƙila ba ku taɓa dacewa da miyar ba. Amma za ta ji ubanta ya ce, "Ummanki takan ƙara kaza," kuma ni a ganina wannan take jira. In kun dace, ka rubuta a shafin da hannunka, ka kwafo mini. Ina so in ci kafin in mutu.

Ka yafe mini tsawar jiya, da ta shekarun baya. Ni na yafe maka duniya da lahira. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta yafe mini. Allah Ya tsare ka a fita da shiga, Ya haɗa ka da abokan aiki na gari, Ya kare ka daga abin kunya. Allah Ya buɗe bakin Balki, Ya mayar mata da naman jikinta, Ya raya ta cikin Musulunci. Amin.

Direbobin Yelwa suna zuwa Birnin Kebbi kullum, ba ka da uzuri. Ran da ta ci, ka ba ɗayansu saƙo ya gaya mini, ko kalma ɗaya ce. In kuwa ka ga kwanaki na tafiya ba ta ci ba, kada ka tsaya jin kunyar a ce ka kasa. Ka dawo mini da ita tun tana iya shigowa gidan nan da ƙafarta.

Wassalam.

Ni ce,
Innarka.